Ubangida da Yaransa: A Dubi Gidan Tukwanen Suleja

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Naira ashirin ya san a fuskarta akwai hoton marigayi Janar Murtala Muhammed. Amma ba kowa ne ya damu ya juya bayanta ya tambaya ko wace ce matar nan da ta duƙufa a kan ginin tukunya ba. Sunanta Ladi Kwali, kuma tun cikin 2007 hotonta ya hau wannan kuɗi. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe wani muƙami na mulki ba. Ma'aikaciya ce kurum a wani ƙaramin gidan aiki na gwamnati da ke garin Suleja, tun lokacin da ake kiran garin Abuja, kafin gwamnatin shi Murtalan ta ɗauki sunan cikin 1976 ta ba sabon babban birnin Tarayya. Ga mutanen Arewa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, waɗanda galibinsu ko dai suna ƙarƙashin wani ubangida, ko kuwa suna da yara a ƙarƙashinsu, labarin gidan aikin nan ya fi hoton amfani, domin kuwa labari ne na yadda ake riƙe mutane a wurin aiki, da kuma yadda ake ɓata su.

Shi dai wanda ya kafa gidan wani Bature ne ɗan Ingila, sunansa Michael Cardew, wanda aka haifa cikin 1901. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma sai ya ƙi hanyar ofis, ya je ya koyi sana'ar yumɓu a hannun wani mashahurin magini mai suna Bernard Leach. Wajen aikin hannu gwani ne, babu mai musu. Wajen riƙon mutane kuwa, da faɗuwa ya fara. Cikin 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kayan tangaran sun daina zuwa daga Turai, sai aka ɗauko shi don ya shugabanci wata masana'antar tukwane ta Kwalejin Achimota a Alajo, kusa da Ankara, a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Aka ba shi ma'aikata wajen sittin, aka ce ana son kaya da yawa, kuma da gaggawa. Shi kuwa mutum ne mai zafin rai, mai son a yi komai daidai yadda ya ƙulla a ransa. Ba a je ko'ina ba yaran da ke koyon aiki suka yi masa bore, wani babban gashi kuma ya lalace a cikin tanderu aka yi hasara mai yawa. Cikin 1945 aka rufe wurin. Shi da kansa ya yarda daga baya cewa ƙwazon nasa ya wuce gona da iri. Daga nan ya koma wani ƙauye da ake kira Vume a bakin kogin Volta, ya kafa ɗan ƙaramin wuri da kuɗin aljihunsa, ya sha talauci da ciwo, cikin 1948 ya koma gida.

Irin wannan faɗuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san gareji ko mahauta ko tashar mota. Kullum wanda ya fi kowa iya aiki shi ake ɗorawa a kan saura, alhali kuwa iya aiki dabam, iya mutane dabam. Bilhasali ma sau da yawa gwanintar ce ke zama cuta, domin gwani ya manta yadda rashin iyawa yake. Abin da hannunsa ke yi ba tare da tunani ba, sai ya ga yaro yana ta fama da shi, ya ɗauka lalaci ne ko raini, ya hau shi da zagi. Yaro kuwa idan zagi ya yi masa yawa, abin da zai fara koya shi ne yadda zai ɓoye kuskure, ba yadda zai gyara shi ba. Kuskuren da aka ɓoye a gidan tukwane, wuta ce ke tona shi, kuma sai bayan an riga an ƙone itacen.

Cikin 1950 gwamnatin Nijeriya ta lokacin mulkin Turawa ta kira Cardew don ya zaga ƙasa ya dubi yadda ake ginin tukwane, ya ba da shawarar yadda za a kyautata shi. A nan ne aka fara ganin mutumin ya sake. Maimakon ya rubuta abin da masu aikensa ke jiran ji, watau cewa maginan ƙasa suna cikin duhu, sai ya ba da rahoto cewa tukwanen gargajiya sun dace da bukatar masu amfani da su, suna jure wutar murhu, suna sanyaya ruwa, ga araha, saboda haka a ƙyale su yadda suke. Ya ce in dai ana son sabon abu, to, a koya wa samari yin kwanuka da kofuna da farantai masu ƙyalli irin waɗanda ake sayowa daga waje. A cikin wannan yawo ne ya sauka Abuja, ya ga waɗansu tuluna a gidan Sarki, Alhaji Sulaimanu Barau, waɗanda suka ɗauke masa hankali. Ya tambaya, aka ce masa aikin wata mata ce daga ƙauyen Kwali.

A nan ya kamata a ba Sarki haƙƙinsa. Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1944 ya zauna har rasuwarsa cikin 1979, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, kuma ya yi aikin koyarwa kafin sarauta. Tun kafin wani Bature ya zo ya yaba, shi ya ga aikin talakarsa ya san darajarsa, ya tara ya ajiye a gidansa. Da a ce tulunan nan suna can bayan gida ana zuba wa dawaki ruwa, da Cardew ya wuce bai gan su ba. Goyon bayan Sarkin yana cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Abuja, tare da samun itace da ruwa da yumɓu mai kyau a kusa. Cikin watan Afrilu na 1952 aka buɗe wurin koyar da ginin tukwane, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu.

Wannan karon Cardew bai nemi ma'aikata sittin ba. Ya fara da 'yan kaɗan, a cikin ɗakuna na ƙasa masu jinka irin na gari, ya kuma ɗauko wani tsohon yaronsa daga Gwalkwas, Kofi Athey, wanda suka sha wuya tare a Vume, ya zama hannun damansa. Masu koyo suka zo daga wurare dabam dabam, sunayensu ma sun isa shaida: Bawa Ushafa, Hassan Lapai, Tanko Ashada, Peter Gboko, Gugong Bong. Ga Musulmi ga Kirista, ga Bahaushe ga Banufe ga Bagwari, shugaba ɗan Ingila, mataimaki ɗan Gwalkwas. Wanda ke aiki a wata ma'aikata a Apapa ko Ikeja, inda ake jin harshe biyar kafin a tashi cin abincin rana, ya san irin wannan taro, ya kuma san cewa ba ya zama lafiya haka kawai sai an yi da gaske. Abu ɗaya dai ya haɗa su a farko: dukansu maza ne. A tunanin gwamnati, keken gini da tanderu aikin maza ne, ko da yake a ƙasar Gwari mata ne ke da sana'ar tun kaka da kakanni.

Cikin 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. An haife ta wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Yadda take aiki ba ya kama da abin da aka kafa wurin don koyarwa ko kaɗan. Ba ta bukatar keke. Takan dasa curin yumɓu a ƙasa, ta huda shi, ta riƙa jan bangonsa sama tana zagaya shi da ƙafa, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu zobe bisa zobe, tana daddaɓe shi da ɗan katako har tulu ya tashi ya yi ciki ya yi wuya, daidai wa daida kamar an auna. Sa'an nan ta ɗauki ɗan ƙarfe ko tsinke ta zana masa ƙadangare da hawainiya da kada da kunama da kifi da maciji da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa, tsakanin layuka. A ƙauye da ciyawa da itace ake gasa irin wannan tulu a fili.

To, a nan ne fa aka gwada shugaba. Ga ma'aikaciya ta zo, a takarda ɗaliba ce, ba ta karatu ba ta rubutu, amma a cikin abin da ta iya ta fi shi, ta fi duk wanda ke gidan. Ubangida mai ƙaramar zuciya hanya biyu gare shi a irin wannan hali. Ko dai ya ce mata duk abin da ta zo da shi na ƙauye ne, ta zubar ta fara daga farko, don kowa ya san wane ne babba. Ko kuwa ya ajiye ta a gefe ta yi ta yin abin da ta saba, ya hana ta sanin sirrin sabon aikin, don kada wata rana ta fi ƙarfinsa. Cardew na Alajo mai yiwuwa ne ya bi ta farko. Cardew na Abuja bai bi ko ɗaya ba. An koya mata keke, ta iya, ta yi kwanuka da kofuna da farantai kamar kowa. An koya mata haɗa ruwan ƙyalli da shirya kaya cikin tanderu. Amma kuma aka bar ta da ginin hannunta, aka sake mata yumɓu da mai jure babbar wuta, aka riƙa cike zanen nata da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli a kai, a gasa da zafin da ya haura digiri 1,200. Abin da ya fito daga tanderun ba na Kwali ba ne zalla, ba kuma na Ingila ba ne. Daga baya ita ma ta zama mai koyarwa a gidan.

Ba ta daɗe ita kaɗai ba. Kafin Cardew ya bar aiki cikin 1965, waɗansu mata huɗu sun biyo ta: Halima Audu, wadda ba ta jima ba Allah ya yi mata rasuwa, da Lami Toto, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. Matan nan suna da ɗakinsu na aiki inda suke gina manyan tuluna da hannu, ana kiransa Ɗakin Gwari. Wani zai ce wannan ai wariya ce. Ba haka ba ne, tun da ba a hana su sauran ɗakunan ba. Abin da aka yi shi ne an gane cewa mutum yakan fi sakin jiki ya yi aiki mai kyau idan yana da wani lungu da yake jin nasa ne, inda zai yi magana da harshen uwarsa, ya tsara aikinsa yadda ya saba, ba wanda ke tsaye a kansa yana ƙirga numfashinsa. Masu kamfani da yawa har gobe ba su gane wannan ba. Suna ganin idan ma'aikata 'yan gari ɗaya suka taru suna hira da yarensu, to, makirci ake ƙullawa.

Akwai wata magana kuma da ba ta da daɗin ji, amma gara a faɗe ta. Bahaushe ya daɗe yana yi wa Bagwari kallon raini. Kalmar gwaranci ma a bakin Hausawa ta zama sunan maganar da ba ta fita, har ya kai su mutanen sun fi so a kira su da sunan da suke kiran kansu, watau Gbagyi. Amma ga shi a cikin dukan 'ya'yan masarautar Abuja, Bagwariyar ƙauye ce ta kai sunan garin Landan da Amurka. Shi kuma Bahaushen da ya sauka Kurmi ya ɗanɗani irin wannan miya. An kira shi aboki, ba don abota ba. An ɗauka bai san komai ba sai gadi da dako da yankan farce, an yi maganarsa a gabansa kamar ba ya ji. Wanda aka yi wa haka da safe a ƙofar gidan wani, bai kamata da yamma ya koma rumfarsa ya yi wa yaron da ya zo daga ƙauyen Neja ko Filato ko Nijar irinsa ba. Sau nawa mai gida ke zaune da yaro shekara biyar bai taɓa tambayarsa abin da ya iya kafin ya zo ba? Yaron da ake aike sayen ƙosai, watakila shi ya fi kowa a gidan sanin lafiyar saniya da ido, ko lissafi da ka.

Wani abin da aka yi a gidan tukwanen Abuja, wanda ya fi kowanne sauƙi kuma ya fi kowanne wuya ga masu gida, shi ne maganar hatimi. Kayan da suka fito daga gidan ana buga musu hatimin gida, watau sunan Abuja da rubutun Larabci. Amma bayan wannan, magini yana da nasa ɗan hatimi da yake bugawa kusa da na gidan. Na Ladi Kwali haruffa biyu ne, L da K. Saboda haka da aka kai kayan Landan aka nuna su a wani gidan nuni da ake kira Berkeley cikin 1958 da 1959 da 1962, masu saye ba su ce ga tukwanen Cardew ba, sun san hannun wanda ya gina kowace. Har yau masu tara irin waɗannan kaya a Turai da wannan hatimi suke gane aikin Bawa Ushafa daga na Lami Toto. Babu abin da zai hana Bature mai mulki a zamanin nan ya buga sunansa shi kaɗai a kan komai. Bai yi ba.

Hatimin nan kaifi biyu gare shi. Wanda sunansa ke kan tukunya, yabo nasa ne, in kuma ta fashe ko ta karkace, ba shi da wanda zai laɓe a bayansa. Watau an ba shi girma an kuma ɗora masa nauyi a lokaci guda, ba tare da an yi masa tsawa ba. A dubi yadda abin yake a wurare da yawa. Tela ya karɓi ɗinki, yaro ya kwana yana yi, mai kaya ya zo ya yaba, tela ya ce ai hannuna ne. Ran da aka ɓata yadi kuwa, sai a kira yaro a gaban mai kaya a wanke shi tas. Dillali ya yi ciniki mai kyau a kasuwar Mile 12, an manta da wanda ya kwana a kan buhunan yana gadi cikin ruwan sama. In yabo kullum na sama ne, zargi kuma kullum na ƙasa, to, me zai sa na ƙasa ya ƙara ko da taku ɗaya bisa abin da aka tilasta masa?

Mai karatu yana iya cewa duk wannan zance ne na masu ƙoshi, shi ma'aikaci kuɗi ya fito nema, a biya shi kawai a huta. Rabin maganar gaskiya ne. Ba a yi wa mai jin yunwa wa'azin girmamawa, kuma ubangidan da ke riƙe ladan yaro har wata ya zagayo ba shi da bakin cewa ya iya zama da mutane, ko da kullum da murmushi yake gaishe shi. Amma Nijeriya ta riga ta gwada kuɗi zalla, ta kuma gwada tsoro zalla, duka a cikin shekara biyu. Hukumar da Janar Yakubu Gowon ya kafa cikin 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji ta ba da rahoto cikin 1974, ta kawo shawarwari masu yawa a kan yadda za a sake tsarin aikin gwamnati, a riƙa sa wa ma'aikaci abin da ake so ya cim ma, a kuma auna shi da abin da ya yi. Aka ɗauki ƙarin albashin aka biya har da na baya, aka bar sauran a cikin takarda. Kaya suka yi tsada, halin aiki yana nan yadda yake. Cikin 1975 kuma gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. An ga mutane suna zuwa ofis da wuri na ɗan lokaci, amma da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun ɗauki wani darasi dabam, watau cewa kujera ba ta da tabbas, gara mutum ya tara abin da zai tara tun yana kai.

Su ma Turawa sun daɗe suna wannan muhawara. Tsakanin 1924 da 1932 an yi waɗansu gwaje-gwaje a wata babbar masana'antar kayan tarho ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago a Amurka, aka fito da ra'ayin cewa ma'aikata sukan ƙara himma idan sun ga an kula da su ana jin ta bakinsu. Masana na baya sun soki lissafin gwaje-gwajen, amma ra'ayin ya zauna. Cikin 1960 wani malami, Douglas McGregor, ya ce shugabanni iri biyu ne: mai ɗaukar cewa ɗan Adam malalaci ne sai da bulala, da mai ɗaukar cewa mutum yana son ya yi aikin da zai yi alfahari da shi in an ba shi hali. Abin lura a maganarsa shi ne, kowane shugaba yakan sami irin ma'aikatan da ya zata.

Amma fa kada a ɗauka gidan tukwanen Suleja aljanna ce. An yi nasara wajen mutane, an faɗi wajen manufa. Tulun da aka shafa wa ruwan ƙyalli aka gasa da babbar wuta ya yi kyau, amma ya yi nauyi, kuma ya daina tsatsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan ado. Talakan Abuja ba shi da kuɗin sayensa, ba shi ma da bukatarsa, tun da ga tasa da kwanon sha na kanti da araha. Masu saye galibi Turawa ne da manyan ma'aikata da 'yan kasuwar Landan. Gidan kuwa da kuɗin gwamnati yake numfashi.

Babban rauni kuma shi ne maganar yaye. An kafa wurin ne don samari su koya su koma garuruwansu su kafa nasu. An buɗe ƙananan rassa a Sakkwato da Kano, ba su yi ƙarko ba. Dalili a fili yake: aikin yana bukatar tanderu mai tsada, da injin niƙa duwatsu, da sanin haɗa magunguna wanda galibinsa yana cikin kan mutum ɗaya. Yaro ya iya gini kamar me, amma ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba in ya bar gida. A wannan fanni masu gidajen Sabo na Badun sun fi Cardew dabara. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya kuma buga littafinsa cikin 1969, ya bayyana yadda mai gida a cinikin goro da shanu yake riƙe yaro, ya ciyar da shi, ya yi masa aure, ya jawo shi cikin sirrin ciniki sannu a hankali har a san shi a amince masa. Inyamurai kuma a Anaca da kasuwar Alaba suna da tasu al'ada ta sallamar yaro da jari bayan ya yi shekarun da aka yi alkawari. Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da masu cin amana, amma aƙalla yaro yana hango ƙofar fita. Wanda ya gaji Cardew, watau Michael O'Brien, wanda ya riƙe gidan daga 1965 zuwa 1972, ya ga wannan rauni, ya ba da ƙarfinsa ga neman hanyoyin aiki masu araha, kuma daga baya ya taimaki waɗansu tsofaffin ɗalibai, irin su Danlami Aliyu a Minna, suka kafa nasu wuraren.

Sai kuma waɗanda ba su da hatimi ko kaɗan. Kafin tulu ɗaya ya isa Landan, akwai wanda ya haƙo yumɓu, da wanda ya jiƙa ya tace ya cuɗa, da wanda ya faskara itace, da waɗanda suka kwana a bakin tanderu suna zuba wuta ido ya yi ja. In ɗayansu ya yi gyangyaɗi, aikin wata guda ya tafi. Ba a buga sunansu a gindin kowace tukunya ba, ba a kuma kai su ko'ina ba. Mutanen Arewa da ke Kurmi da yawansu a wannan sahu suke, kuma waɗanda Allah ya ɗaga daga cikinsu suka zama masu rumfa da masu mota, daga wannan sahu suka fito.

Ita dai Ladi Kwali ta ga sakamako tun tana da rai. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gina tulu a gaban jama'a, Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma. Cikin 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew, a nan kuwa kowa ya ga wanda aka zo kallo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta cikin 1977, gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta masana cikin 1980, da wata lambar ƙasa cikin 1981. A farkon shekarun 1980 aka sa wa gidan tukwanen sunanta. Cardew ya mutu a Ingila cikin 1983, ita kuma ta rasu a Minna ran 12 ga watan Agusta, 1984. Gidan ya zauna a hannun gwamnatin Jihar Neja, kuma a shekarun da suka biyo baya 'yan jarida da suka ziyarce shi sun sha ba da labarin ɗakuna da suka lalace da tanderu da ya daɗe bai ga wuta ba, a daidai lokacin da ake sayar da tuluna masu hatimin L da K da tsada a kasuwannin gwanjo na Landan.